Shekarar da Na Ɗaga Hannu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin a shekarun nan ina ɗaure da tsohon agogon Baba, wanda sai da aka ƙara wa madaurinsa huda kafin ya zauna a hannuna. Ina cire shi ke nan zan sa a jaka, motar Alhaji Sabo ta shigo harabar makarantarmu ta Nyanya, ta taka ciyawa, ta zo ta tsaya a bakin filin ƙwallon kwando. Kawunku Bala yakan fara wannan labari ne daga ranar wasan ƙarshe, domin nan ne wurin dariya. Duk Sallah sai ya tara ku, ya ɗaga hannu sama yana maƙale murya, ya ce ga yadda uwarku ta ɗauki kofi ta miƙa wa mutanen da ba su roƙe ta ba. Ku yi ta dariya, ni kuma ina murmushi ina zuba muku lemo. To, na gaji da murmushin. Tunda ke Amina kin fara buga ƙwallon nan a makarantarku, kai kuma Sadiƙu ka kai shekarun tambayar dalilin komai, gara ku ji shi daga wurina, tun daga tushe.

Ni ba 'yar wasa ba ce tun asali. Yarinya ce ni mai zama a bencin gaba, wadda in malami ya kira sunanta sai muryarta ta ɓace ko da ta san amsar. Lokacin hutu ina ɗakin karatu. Abin da ya kai ni filin shi ne, in an tashi makaranta ina jiran Yaya Bala ya biyo ya ɗauke ni, kuma ba na son tsayawa a bakin ƙofa inda samarin tasha ke wucewa. Sai in je bayan azuzuwa in ɗauki tsohuwar ƙwallon da ake bari a wurin in yi ta jefawa ni kaɗai. Akwai wata tsaga a simintin, a kanta nake sa yatsan ƙafata na dama kullum, in buga ƙwallon a ƙasa, in ja numfashi, in jefa. In ta ƙi shiga sai in tsaya in gano abin da na sauya. Ban san Malam Ishaya, malaminmu na labarin ƙasa, yana kallona ta tagar ofishin malamai ba. Mutumin Filato ne, dogo, mai tafiya a sunkuye kamar yana neman abin da ya faɗi, kuma shi ne kocin 'yan mata.

Wata rana ya fito ya tsaya a bayana, ya ce, "Hauwa, wa ya koya miki tsayawa wuri ɗaya?"

Na ce, "Ba kowa, Malam."

Ya ce, "To gobe ki zo da takalmin roba. Ki gaya wa Babanki ni na ce, kuma da hijabinki da dogon wando za ki yi."

Filin nan ba abin nunawa ba ne. Siminti duk ya fashe, allon kwando ɗaya katako ne da ruwa ya kumbura, ɗaya zoben kuma ya sunkuyar da kai. Kafin mu fara sai mun kori awaki mun share. Ana wasa ana jin kwandastocin tasha suna kiran Mararaba da Area Wan. Amma akwai abu guda a filin da ban taɓa gani a wani fili ba har yau: ba a busa usur. Malam Ishaya ba shi da shi ma. Dokarsa ita ce, in kin ture wata, ko kin bugi hannunta, ko kin yi tafiya da ƙwallo, ko ke ce ta ƙarshe da ƙwallo ta taɓa kafin ta fita, ke da kanki za ki tsaya ki ɗaga hannun dama ki ce, "Nawa ne." Shi ke nan, sai a ba ɗaya ɓangaren. In kuma kika yi shiru, ba zai tsawata ba. Zai ɗauki ƙwallon ya zauna a kanta a tsakiyar fili ya naɗe hannu, mu duka mu tsaya cikin rana, har sai mai laifin ta gaji da idanun 'yan uwanta.

Yakan ce, "Rafali ido biyu gare shi, ku kuma goma ne a fili. Wadda ba ta yin gaskiya sai an busa mata usur, ranar da babu usur me za ta zama?"

Ladi, kyaftin ɗinmu, 'yar Kudancin Kaduna mai dogon hannu da bakin barkwanci, takan ce da irin Hausarta, "Malam, ni fa hannuna ya gaji da ɗagawa. Wannan Hauwa, ko iska ya taɓa shi sai ya ce nawa ne."

Kowa ya yi dariya, har da ni. A wannan fili na fara jin muryata a gaban mutane. Kalmomi biyu ne kacal, amma ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci, sun zame mini babban abu. Na ɗauke su da gaske, kamar yadda nake ɗaukar duk abin da malami ya faɗa. A gida ma in na fasa kofi, kafin Inna ta tambaya hannuna ya tashi.

Yanzu mu koma ga motar Alhaji Sabo. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, mai bas-bas da yawa a tashar Nyanya, kuma a ɗaya daga cikinsu Yaya Bala yake kwandasta. Ya ji labarin mun ci makarantu biyu a gasar 'yan mata ta wannan shekarar, shi ne ya zo tare da shugabar makaranta, wadda muke kira Madam, wadda tun da nake ban taɓa ganin ƙafarta a filin ba. Ya kawo mana riguna sababbi, kore da fari. Ya ce in muka kawo kofi zai zuba sabon siminti ya sa sababbin kwanduna. Muka yi ta tsalle. Sannan ya tsaya kallon atisaye, can ya ga wata ta ɗaga hannu an tsayar da wasa.

Ya ce, "Malam, ina usur ɗinka? Koci ba usur, ai kamar direba ne ba ham."

Ya aiki direbansa kasuwa a take, aka sayo usur mai jan igiya, ya rataya wa Malam Ishaya a wuya da hannunsa. Malam ya yi godiya. Suna juya baya ya cire ya sa a aljihu, mu kuma muka ji daɗi, muka ce Malaminmu ba ya sauyawa. Amma daga ranar Madam ta riƙa zuwa da kujerarta. Duk wadda ta ɗaga hannu sai ta ja tsaki.

Wata rana ta ce, "Wannan wane irin wasa ne, kowa na kai ƙarar kansa?"

Malam ya ce, "Atisaye ne, Ma. A wasan gaske akwai rafali."

Ku riƙe wannan maganar. Na yi shekaru ina juya ta. Ga Madam ya faɗe ta, a hankali, yana kallon gefe. Mu bai taɓa tara mu ya ce dokar nan iyakarta ƙofar makaranta ba. Bai taɓa cewa in kun sa rigar Alhaji ku bar hannunku a ƙasa ba. Da ya faɗa, da na ji, domin ni ba na tsallake maganar malami.

Wasan ƙarshe a cikin gari aka yi shi, a wata makarantar kuɗi mai fili santsi kamar faranti. Alhaji ya ba da bas biyu, yaran tasha suka cika ɗaya da ganguna, Yaya Bala na tsaye a ƙofa yana rera waƙa da sunana. An kuma ce akwai masu zaɓen 'yan wasan da za su wakilci Abuja a cikin 'yan kallo, kuma kowa ya san Ladi suka zo gani. Mun yi wasa ranar. Ni kaina na jefa uku daga nesa suka shiga, abin da Kawunku bai taɓa sawa a labarinsa ba. Ana dab da tashi muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo tana hannunsu. Wata doguwarsu ta wurga wa 'yar uwarta a gefen layi, na miƙa hannu in tare, ƙwallon ta goge kan ɗan yatsana na tsakiya ta wuce waje. Rafali yana bayana, bai gani ba. Ya busa, ya nuna hannu ɓangarenmu. Ganguna suka ɓarke. Abin da ya rage mana kawai mu jefo ƙwallon ciki mu riƙe ta, lokaci ya cika.

Sau da yawa an tambaye ni me na yi tunani. Ban yi tunanin komai ba. Yatsana yana zugi, hannuna ya tashi, bakina ya ce, "Nawa ne." Rafalin ya dube ni kamar ya ga mahaukaciya. Ya tambaye ni da Turanci ko na taɓa ƙwallon, na gyaɗa kai. Ya ɗan tsaya, sannan ya juya hannunsa ɗaya ɓangaren. Suka jefo, doguwar nan ta karɓa a ƙarƙashin kwando ta saka. Aka busa tashi.

A hanyar dawowa gosulon motocin Nyanya ya riƙe mu tun daga gangaren barikin soja, kuma ban taɓa jin bas cike da 'yan mata ya yi shiru irin na ranar ba. Ladi tana kusa da ni tana kuka ba sauti. Can ta juyo.

Ta ce, "Hauwa, me na yi maka? Shekarana na ƙarshe ne fa."

Ita kaɗai ce a duk wannan labari ban taɓa riƙewa a zuci ba. Ita ta yi asara ta gaske, ba a zaɓe ta ba, kuma a fuskata ta faɗi abin da ke ranta. Malam Ishaya yana kujerar gaba kusa da direba. Ƙeyarsa na kalla har muka iso. Ina ta cewa yanzu zai juyo, yanzu zai ce wani abu. Bai juyo ba.

A gida Yaya Bala ya riga ni isa, yana tsakar gida yana zazzaga faɗa, wai gobe da wane ido zai dubi Alhaji, wai duk tasha an san ƙanwarsa ce. Inna tana kwashe tuwo, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Ke wa ya tambaye ki? Alƙali ya yanke hukunci, ke kin fi shi sani ne? Yarinyar da ko baƙo ba ta iya gaisarwa, sai ranar da shirunta zai yi amfani ta sami baki."

Baba yana kan tabarma da rediyonsa. Ma'aikacin ofis ne mai fita tun asuba don gudun cunkoso, ba ya son hayaniya in ya dawo. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Ƙwallon ta taɓa ki?"

Na ce, "Ta taɓa ni, Baba."

Ya ce, "To." Ya ƙara muryar rediyon. Allah Ya jiƙansa, har ya rasu ban san ko wannan "to" ɗin yabo ne ko gajiya ba.

Ranar Litinin a taron safe Madam ta kira sunana in hau dandamali. Da Turanci ta yi magana, amma ba abin da ya wuce ni. Ta ce tunda ina son ɗaga hannu, in ɗaga shi yanzu kowa ya gani, kuma kada in sauke sai ta gama. Na ɗaga. Ta yi magana a kan cin amanar makaranta. Ta yi magana a kan sabon simintin da ba za a zuba ba, da bawan Allah da ya kashe kuɗinsa aka kunyata shi. Ta ce akwai bambanci tsakanin gaskiya da wauta. Daga nan ta shiga sanarwar jarrabawa, da ta masu zuwa a makare, da ta shara, ni kuwa ina tsaye hannu a sama, kafaɗata tana ci kamar wuta, gumi yana bin cikin hijabina. Ɗalibai sama da yadda ido zai ƙirga suna dariya ƙasa-ƙasa. A nan aka raɗa mini Hannu-Sama, sunan da ya bi ni har na gama makarantar.

Ku gaya mini, me na sata? Wa na zaga? Makarantar da aka rubuta gaskiya da riƙon amana da fenti a bangon ƙofarta, ita ce ta tsayar da yarinya 'yar shekara goma sha biyar a gaban jama'a don ta faɗi abin da ya faru. Amma ko wannan ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba. Madam ba ta taɓa koya mini komai ba, ba ta kuma yi mini alkawarin komai ba. Idona yana kan layin malamai. Malam Ishaya yana can ƙarshe, ya fi kowa tsawo, ba yadda za a yi ya ɓuya. Taku kaɗan ne tsakaninsa da dandamalin. Abin da nake jira bai fi ya ce, "Ni na koya mata" ba. Mutumin da yake iya zama a kan ƙwallo ya tsayar da mu cikin rana saboda wata ta ɓoye ɗan turi, ranar nan takalminsa yake kallo.

Laraba ta zagayo, ban je fili ba, ina ɗakin karatu. Wajen la'asar sai na ji wani sauti daga bayan azuzuwa, siriri, mai tsini. Usur ne. Na rufe littafin na kifa kaina a kan tebur. Ban sake taɓa ƙwallon kwando ba. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya zo nemana. Na ci gaba da zama a ajinsa ina zana taswira, yana ba ni maki mai kyau. In muka haɗu a baranda sai ya ce, "Hauwa, yaya karatu?" ya wuce da sauri. Yaya karatu! Sau da dama na je har ƙofar ofishin malamai da tambayata a baki, kunya ta mayar da ni. Na tafi da ita jami'a, na shiga da ita gidan aure. Aikin haɗa magani da nake yi yau aiki ne da in ka yi kuskure dole ka faɗa da bakinka kafin wani ya sha, kuma ina faɗa, ba na jira a kama ni. Amma duk sanda na faɗa sai na ji kafaɗar nan ta dama ta motsa, in ji wani ɓangare na zuciyata yana tambaya da muryar Inna, ke wa ya tambaye ki?

Bara, Amina, sati guda bayan kin zo mini da takardar shiga ƙungiyar ƙwallonku na ƙi sa hannu a lokacin ban gaya miki dalili ba, na taso daga Lugbe na je kasuwar Gudu neman fitilar mota. A gaban wani shagon kayan gyara na ga wani tsoho a kan benci, dogayen ƙafafunsa sun tare hanya, kansa fari fat. Shagon ɗansa ne, ashe. Na wuce shi, na dawo, domin Malam Ishaya ne. Na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar da na gama. Bai ce bai gane ba. Ya gyara zama, ya ce in zauna, na ce a tsaye ma ya isa. Na ji kamar ina bencin gaba an kira sunana, amma wannan karon muryar ba ta gudu ba.

Na ce, "Malam, tambaya ɗaya nake da ita, na daɗe da ita. Abin da na yi ranar nan, kai ka koya mini ko ba kai ba? In kai ne, me ya sa ka bar ni ni kaɗai a kan dandamali?"

Ya janye ƙafafunsa daga hanya. Masu turin baro suna ta neman hanya a bayana.

Ya ce, "Ni na koya miki. Kuma da hannunki ya tashi a filin nan, Hauwa, haushinki na ji. Ina son kofin nan fiye da Madam, fiye da Alhaji. A bas ban juyo ba don ban san da wace fuska zan dube ki ba. Na yi shekaru ina faɗa wa yara abu, sai ga wadda ta yarda da shi fiye da ni."

Na ce, "Wannan ba amsa ba ce, Malam. Ni na yi daidai ko ban yi ba?"

Sai ya dafa benci ya miƙe da ƙyar. Ɗansa ya leƙo daga shago yana tambayar lafiya, bai kula shi ba. A tsakiyar kasuwar Gudu, mutane suna kallo, tsohon nan ya ɗaga hannunsa na dama sama har ƙarshe, ya bar shi a can.

Ya ce, "Ke kin yi daidai, 'yata. Na dandamali kuwa, nawa ne."